Daminar da Baba Ya Sha Rifos

Bana ma ruwa ya ƙi zuwa da wuri. Hadari sai ya haɗu a gabas, ya yi baƙi kamar da gaske, iska ta taso ta yaye mana rumfuna, can kuma ya watse ya bar mu da zafin da ya fi na da. Jiya ina zaune a 'yar rumfata ta gyaran rediyo a bakin kasuwar Gwaram, gumi na ɗiga a kan wayoyi, na samu wata tsohuwar rediyo ta yi magana bayan na sha fama da ita. Tana buɗe baki sai ga mai labaran Turanci yana sanar da rasuwar wani babban mutum, yana roƙa masa rahama. A cikin maganar ya faɗi wata kalma, wallahi sai da na ajiye sukudireba. Repose.

Mai rediyon da ya kawo gyara ya ce, "Lafiya, Sale? Ko ta ja ka ne?"

Na ce ba ta ja ni ba, kalma ce na gamu da ita, tsohuwar sani. Ashe har matattu ake roƙa wa ita! Ni kuwa a kan mai rai na koye ta, kuma ƙafata da bayana ne suka biya kuɗin makarantar. Ku bari in ba ku labarin, don tun jiya yake cina.

Ni ban yi boko ba. Allo na yi, sai ajin yaƙi da jahilci na 'yan watanni a ƙauyenmu ta wajen Dingaya, malamin ya tafi hutu bai dawo ba. Sauran duk tsintuwa ce. Gwangwanin madara, buhun taki, rubutun jikin motoci, duk abin da na gani da baƙaƙen boko sai na tsaya na haɗa su. In na samu kalmar Turanci sabuwa, ranar ba wanda zai huta a gidanmu, har awaki sai sun ji ta. Inna takan ce da gero nake tarawa haka da mun ƙara rumbu.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce wadda aka canza kuɗi, aka bar fam da sule aka koma naira. Ana ta cewa ƙasa ta samu arzikin mai, amma mu a Dingaya labarinsa kawai muke ji. Abin da ya kawo mana shi ne ya kwashe samari. Yayana Musa ma ya tafi Kano leburanci, gida ya rage daga Baba, Inna, ni, sai ƙannena mata biyu da ba su isa riƙe fartanya ba. Ga shi daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, rumbu tun bazara ake shiga cikinsa da ƙafa, ana sharo na ƙasa.

Zafin bazarar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Ƙasa ta yi fari fat, in ka taka ba takalmi sai ka yi rawa. Rijiyar unguwa ta yi nisa, Inna ta ƙara wa guga igiya, ta sake ƙarawa, abin da ke fitowa rabi ruwa rabi laka, sai an bar shi ya kwanta. A haka muka yi sharar gona, muka kai taki a kan jakin aro. Da aka yi ruwan farko, ɗan yayyafi ne da ko ƙura bai gama kashewa ba, Baba ya ce a fita. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ni da yaran muna bi muna jefa iri muna take wa da diddige. Gero ya tsiro, kore shar, ya kai tsawon ɗan yatsa. Rana ta zo ta lashe shi tas.

Muka sake shuka da irin da Inna ta ɓoye a tukunya, wanda ta hana kowa taɓawa ko da mun kwana da kunu. A wannan shukar ta biyu ne na lura Baba yana tsayawa. Mutumin da in ya kama layi ba ya ɗagowa sai ya kai ƙarshe, yanzu sai ya yi sara kaɗan ya dafa sungumi yana haki, baki buɗe. Ƙafafunsa sun kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Na ce, "Baba, ko in karɓa?" Ya ce, "Bi layinka." Da rana ta take tsaka na ji sungumi ya faɗi. Na juyo, ga Baba a durƙushe tsakanin ramukan shuka, yana neman numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Maƙwabcinmu Malam Buba, mai shanu, abokin wasan Baba tun suna yara, shi ya taimaka muka kai shi bakin hanya. Washegari muka samu babbar mota mai zuwa Birnin Kudu, muka hau bayanta a kan buhuna. Baba a jingine da ni, kowane rami motar ta faɗa sai in ji nishinsa a kafaɗata. Da na hango duwatsun Birnin Kudu, zafi na tashi a kansu kamar hayaƙi, na ce alhamdu lillahi, ko ba komai mun iso da rai.

Asibiti cike yake, mutane har gindin bishiyoyi. Likitan da ya duba Baba wani Ba'indiye ne dogo mai furfura, Turancinsa kamar yana karantowa daga littafi. Ni kuwa na baza kunne, don ban taɓa tsayawa kusa da Turanci mai yawa haka ba. Ya saurari ƙirjin Baba, ya danna ƙafar, ya girgiza kai, ya yi magana mai tsawo. Ban kama komai ba sai kalma ɗaya da ya yi ta maimaitawa, yana sauke tafukan hannunsa ƙasa a hankali. A kunnena abin da na ji shi ne rifos.

Malamin asibitin da ke fassara ya ce, "Baba, ya ce zuciyarka ce ta gaji. Ga ƙwayoyi, ka riƙa sha. Ka bar gishiri, ka bar kanwa, kuma ka huta. In ka koma wahala, ya ce ba lalle ka ga kaka ba."

Baba ya ce, "In huta? Da damina?" Ya yi 'yar dariya da ta koma tari. "To, Allah ya saka. A gaishe shi."

Aka kira na gaba. Ni dai na fito da lissafina. Ƙwayoyi na ji an fassara, gishiri an fassara, hutu kuwa ai kowa ka gaisa da shi zai ce ka huta. To ina rifos ɗin da likita ya fi nanatawa? Na ce lalle shi ne babban maganin, babu shi a asibiti, shi ya sa malamin bai wahalar da kansa ba. Na raɗa wa Baba. Ya ce, "To ka nemo mana, tun da kai ne mai jin yarensu."

Na shiga kemis a Birnin Kudu, mai shagon ya ce bai taɓa jin sa ba. Na shiga na biyu, ya ce ya ƙare, in dawo wani mako. Muka koma gida. Baba ya kwanta 'yan kwanaki saboda dole, ƙwayoyin suka fara aiki, kumburin ya ɗan saɓe, sai ga shi ya fara kallon inda aka rataye fartanya. An samu ruwa mai ɗan dama a tsakani, shuka ta biyu ta kama, ciyawa kuma ta riga ta tashi. Baba ya ce ran kasuwar Gwaram in je in samo maganin nan ya sha ya miƙe, noman fari ba ya jira.

Na tafi da ƙafa, cikina ba komai sai ruwan kunu. Na zagaye masu magani kaf. Wani mai tire ya ce, "Rifos? Akwai! Ai shi ake rububi." Ya miƙo mini kafso ja da rawaya. Na juya kwalin na haɗa baƙaƙen, ko harafi ɗaya bai yi kama ba. Na ce ba shi ba ne. Ya ce, "Sunansa na Ingila ke nan, wannan na Legas ne aka rubuta." Na ajiye masa na wuce. Wata tsohuwa mai daddawa da ta ga ina ta kai da kawowa ta ce, "Ɗan nan, je ka wajen Malam Garba hedimasta mana, shi ba Turancin da ya gagare shi."

Na same shi a ƙofar gida yana liƙin tayar keke, rigar shan iska a jikinsa, shi ma ƙafarsa duk ƙasar gona. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Rifos? Ko dai rifot, wato rahoto?"

"A'a, ranka ya daɗe. Rifos."

"Ko rifiyus? Wannan kuwa shara ce, ko ƙin abu. Likita ya ce a ba mahaifinka shara?"

Na ce ban dai ji haka ba. Ya tura tayar cikin ruwan kwano yana neman inda take huci. Can ya ce, "Da yake faɗa, yaya ya yi?" Na miƙe na kwatanta masa, na sauke tafukana a hankali kamar mai ajiye ƙwarya cike da nono. Malam Garba ya saki tayar. Ya fara dariya, sai kuma ya dube ni, ya ga ƙurar da ke ƙafata, dariyar ta tsaya.

"Zauna, samari. Kalmar ita ce repose. Haɗa leɓɓanka ka sake su da ƙarfi. Po. Ce po."

"Fo."

"Po!"

Sai da na yi ta yi har yaran gidan suka leƙo, sannan ta fito. Ya rubuta mini ita da tsinke a ƙasa, na bi da yatsa. Daɗi ya kama ni, na manta da yunwa. Na ce, "To Malam, ina ake sayarwa?"

Ya ce, "Da ana sayarwa da na riga ka saya. Hutu ne."

"Hutu? Hutu dai?"

"Hutu, amma na manyan Turanci, ba a faɗinsa a kasuwa. Kuma ba irin wanda kake yi a gindin bishiya kana ƙirga kunyoyin da suka rage maka ba. Jiki ya kwanta, zuciya ma ta kwanta. Ba tunani, ba fargaba. Natsuwa ke nan gaba ɗaya. Abin da likita ya ce mahaifinka yake bukata ke nan, in ana so ya rayu."

Ya sa aka kawo mini ruwa da ɗan rogo. Na kamo hanyar gida, rana ta karkata amma ƙasa na ci gaba da huci. Rabin hanya ina ta po, po ni kaɗai kamar mahaukaci, ina murna na samu kalmar da ko mai kemis bai sani ba. Sauran rabin kuwa ƙafata ta yi nauyi. Me zan kai wa Baba? Abin da aka riga aka gaya masa ya yi dariya?

Na tarar da Inna a bayan ɗaki tana tsinke tafasa. Na zauna na zayyana mata komai, har da yadda ake haɗa leɓe. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Ka gaya wa babanku?"

"Tukuna."

"To kada ka fassara masa."

"Inna, ƙarya zan yi wa Baba?"

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Likita bai ce rifos ba? Ka faɗi abin da likita ya ce, ka bar shi a Turancinsa. In ka ce masa hutu, gobe kafin kaji su sauko yana gona. Hutu a wajensa gaisuwa ce, sannu da hutawa, yauwa sannu. Amma sharaɗin magani, wannan yana tsoronsa. Shekarar da mai magani ya hana shi kuɓewa, ko tukunyar ba ya kallo."

Muka shiga tare. Na ce, "Baba, na samo. Amma ba a sha, ba a shafawa. Kwanciya ake yi da shi, kuma yana da sharuɗɗa." Na jero masa yadda Malam Garba ya faɗa, Inna na ƙara nata. Ba ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. Ba zuwa gona. Ba dogon tunani. Ba faɗa da kowa. A kishingiɗa kai a sama, daga hantsi har la'asar.

Baba ya dube ni ya dubi Inna. "Magani ba ɗaci, ba allura?"

Inna ta ce, "Na Turawa ne, Malam. Ka taɓa ganin Di'o, Baturen mulki, yana haki?"

Ya ce, "Har yaushe?"

Na ce sai likita ya ce ya isa.

Haka aka shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gida, da buhun ƙaiƙayi a bayansa. Kafin mako ya zagayo kalmar ta cika ƙauye. Jaki ya kwanta a hanya, yara su ce yana rifos. Mace ta ga ƙishin ruwa ya kwantar da akuya, ta ce ita ma an rubuta mata. Ni kuwa ina bin su ina gyarawa, po ne ba fo ba, ba mai saurarena. Malam Buba kullum zai wuce da shanunsa sai ya tsaya ya cire hula.

"Ranka ya daɗe Di'o, an fito ofis? A yi mana sassaucin jangali bana."

"Wuce, Buba. Bijimin nan ya fi ka hankali, shi ya kamata ya riƙe sandar."

"A'a, kada ka yi faɗa, sharaɗi zai karye!"

Baba ya cije leɓe ya koma ya jingina. Buba ya wuce yana dariya, amma in ya sha kwana sai ya biyo ta gonarmu ya kama mini kunya biyu uku kafin ya tafi kiwo.

Gona kuwa ta zama tawa ni kaɗai. Gayya ba ta kiruwa, don wanda ya kira gayya sai ya ciyar, mu kuwa furar da za a dama wa mutum biyar babu. Sai dai musaya, in yi wa wani yau ya yi mini gobe, kowa kuma tasa ta ishe shi. Ina fita da sanyin safiya, in duƙa, ba na miƙewa sosai sai azahar. Ciyawa kamar da gayya take yi, ka nome nan, kafin ka kai can ta dawo. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Bayana ya riƙe har in zan yi ruku'u sai na dafa gwiwa na jira. Da rana ƙanwata Hajara ta kawo mini kwaɗon tafasa da aka barbaɗa wa dusa, in ci in sha ruwa mai ɗanɗanon laka, in koma. Da lokacin huɗa ya yi Malam Buba ya kawo shanun garmarsa, ƙasusuwansu a waje. Ba su yi nisa ba ɗaya ya durƙusa a tsakiyar kunya ya ƙi tashi. Buba ya tsaya a kansa, bai ɗaga sanda ba. Ya ce, "Bar shi, Sale. Shi ma ɗan'uwan babanka ne." Sauran da hannu na ƙarasa.

Amma duk wannan bai kai nauyin ɗaya sharaɗin ba, wato zuciya ta kwanta. Don gero na fara ɗaukar ciki ruwa ya ɗauke. Sama ta yi fes, shuɗiya kamar an wanke. Aka fita roƙon ruwa, manya da yara, riguna a juye, aka dawo rana na dukan ƙeya. Ganyen gero ya fara naɗewa da hantsi, da farko yakan warware da yamma, daga baya ya daina. Gyaɗa ta kwanta. Ni kuma duk yamma sai na tsaya a bayan gida na karkaɗe jiki, na gyara fuska, sannan in zagayo gindin tsamiya.

"Sale, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Ya gonar?"

"Alhamdu lillahi."

Gaisuwarmu ta Hausa ta yi mini rana, don an riga an shirya amsar, ba sai ka ƙirƙiro ba. Shi ma ba ya ƙara tambaya. Sai ya ɗaga kai ya dubi sama ta tsakanin ganyen tsamiya, ya sauke. Jikinsa kuwa yana kyau. Ƙafa ta koma daidai, yana zuwa masallaci ya dawo ba haki. Tuwonsa ba gishiri, ɗan mitsitsi, Inna na rage nata tana ƙara masa tana cewa ta ci a madafa. Yana warkewa, gona na mutuwa, ni ina tsakani.

A haka azumi ya kama. Liman da kansa ya zo ya ce Baba kada ya ɗauka, mai ciwo irin nasa an yi masa rangwame. Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Mutane na wucewa leɓe a bushe, shi ana kawo masa kunu da rana, sai ya juya baya ga hanya kafin ya sha. Ni ina ɗauka da sahur ɗin da bai wuce ruwan dusa ba, in je gona in tsaya ina kallo, don aikin ma ya ƙare, ba abin da za a nome.

Wata safiya ina shirin fita ya kira ni.

"Sale, bana ban ga tumu ba."

A garinmu in gero ya fara nuna, zangarniyar farko gasa ta ake yi a kawo wa maigida ya murtsuke ya ci, shi ne tumu. Tun ina ƙarami ni nake kawo masa da gudu. Na ce, "Bai dai gama nuna ba, Baba."

"Ko na maƙwabta ban ji ƙamshi ba. Zauna." Na zauna. "Kai ne mai Turanci. Rifos ɗin nan, da Hausa mene ne sunansa?"

Na dubi ƙofar gida ko Inna za ta fito. Ba ta fito ba. Ya ce, "Ni nake tambayarka, ba ita ba."

Na ce, "Hutu ne, Baba."

"Hutu."

"Amma ba irin namu ba. Malam Garba ya ce na manyan Turanci ne, jiki da zuciya..."

"Hutu," ya sake cewa. "Damina guda kun kwantar da ni a bakin hanya kamar buhu, Buba na yi mini dariya, da hutu."

Ya miƙe ya shiga gida. Na ji ƙarar fartanya an zaro ta daga rataye. Ya fito da ita a kafaɗa, Inna na biye, hannunta duk toka.

"Malam, ka bar fartanyar nan."

"An ce mutane na yin kunyar dankali a gefen fadama. Ƙasan gonata akwai damshi. In gero ya ƙi, ba zan zauna yara su ci ƙasa ba."

"In ka faɗi a can, su ci me?"

Ya nufi hanya. Ta juyo kaina, kallon kaɗai ya ishe ni. Na ruga na aro jakin Malam Buba, na ce in dai za a je to a kansa za a je. Ya hau, fartanya a cinya, na ja.

Tun daga hanya ya fara gani. Gonakin mutane hagu da dama sun yi ruwan toka, kara na ƙara in iska ta taɓa shi. Da muka iso tamu ya sauka, ya shiga tsakanin kunyoyi a hankali. Geron bai wuce ƙirjinsa ba. Ya kamo zangarniya ya murza a tafi, ya hura. Ba abin da ya rage a hannun. Ya kamo wata, haka. Ya gangara ƙasan gonar inda yake cewa akwai damshi, ya ɗaga fartanya ya sara sau ɗaya. Ƙasar ta yi ƙara kamar ya sari dutse, ƙura ta tashi. Na ji numfashinsa ya fara canzawa. Na ce yanzu zai sake ɗagawa.

Ya tsaya yana kallon kunyoyin. Duk da geron ya mutu, ba ciyawa ko ɗaya a tsakani, layi a miƙe har ƙarshen gona.

"Wa ya yi huɗar nan?"

"Ni ne. Malam Buba ya kama mini ta sama."

"Maimai ma ka yi?"

"Na yi."

"Kawo hannunka."

Na miƙa. Ya juya tafin, ya shafa inda ya fashe ya warke ya sake fashewa. Ya dubi wuyana, ya dubi yadda wandona ke ɗaure da igiya. Kamar ranar ya fara ganina tun shuka.

"Kullum in tambaye ka gajiya ka ce babu."

"Ai haka ake cewa, Baba."

Ya saki hannun. Ya taka zuwa gindin ɗorawar da ke kan iyaka, ya jefar da fartanyar gefe, ya zauna ya jingina. "Ko ni na yi noman nan, iyakar abin da zan yi ke nan. Ruwa ne babu." Ya daki ƙasa kusa da shi. "Zo nan. Yaya malamin ya ce ana faɗinsa?"

Na zauna. Na ce, "Repose. Sai ka haɗa leɓe. Po."

"Fo."

"Po, Baba."

"Fo. Kai, bar ni, leɓen nan ya tsufa. Jiki da zuciya, ko?"

"Haka ya ce."

"To ni jiki kawai na yi, tun da kullum ina kallon sama. Kai kuwa ko ɗaya ba ka samu ba. Kwanta."

"Baba, ai..."

"Kwanta na ce. Ni ne likitan yau."

Na miƙe a ƙasa da niyyar in rufe ido kaɗan don kada in saɓa masa. Ban san inda na tafi ba. Ban yi mafarkin ciyawa ba, ban yi na hadari ba. Da na farka inuwa ta koma ɗaya gefen, bakina a bushe, jaki na can yana cin karan geronmu ba mai hana shi. Baba na zaune yadda na bar shi, hularsa a hannu yana kore mini ƙuda. Na waiga da sauri. Fartanya na nan inda ya jefar da ita, tururuwa na bin ƙotar.

Ya ce, "Tashi mu je, la'asar ta yi. In Innarka ta tambaya, ka ce sara ɗaya na yi."

Na taimaka masa ya hau jaki. Abin da za mu ci har wata damina ban san daga ina zai fito ba, kuma lalle mun sha wuya kafin mu gan ta. Na koma na ɗauko fartanyar na saɓa a kafaɗata. Bai ce in ba shi ba. Har yau ɗin nan bai ce ba.